Baƙo da Ɗan Gari: Tarihin Cutar Shuɗin Harshe ta Tumaki

Gabatarwa

A cikin watan Agusta na shekarar 2006 likitocin dabbobi a kudancin ƙasar Holan suka tarar da waɗansu tumaki masu zazzaɓi, bakunansu sun kumbura, suna dalalar da miyau, suna ɗingishi. Da aka auna jininsu sai aka sami ƙwayar wata cuta wadda littattafan koyon aikin likitan dabbobi suka daɗe suna cewa ba ta iya zama a ƙasa mai sanyi irin wannan. Sa'ad da masana suka kwatanta ta da 'yan'uwanta da ke ajiye a ɗakunan bincike, sai suka ga wadda ta fi kusa da ita ita ce wata da aka samo a Nijeriya tun cikin 1982.

Cutar ita ce wadda manoman Afirka ta Kudu suka laƙaba wa suna shuɗin harshe. Abin da ke haddasa ta kuwa bairos ne, watau irin ƙwayar cutar nan da ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, wadda ba ta iya hayayyafa sai a cikin ƙwayoyin jikin wata halitta. Ba ta kama ɗan Adam, amma ta kashe miliyoyin tumaki, ta kuma sa an rufe kasuwannin dabbobi tsakanin ƙasashe. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin yadda aka gano wannan bairos, da sifarsa, da kundin gadonsa, da dabbobin da yake sauka a jikinsu. Abin da tarihin zai nuna shi ne, bairos ɗin yakan zauna lafiya da dabbobin da suka saba da shi, ɓarna kuwa takan auku ne a inda baƙo ya shigo, ko dai baƙuwar tunkiya ta zo ƙasar bairos, ko kuwa baƙon bairos ya je ƙasar tunkiya.

Zuwan Baƙuwar Tunkiya

Tun kafin Turawa su sauka a kudancin Afirka, mutanen ƙasar da ake kira Khoikhoi suna kiwon tumaki masu kitse a wutsiya, masu gashi wanda ba a saƙa da shi. Dajin ƙasar kuma cike yake da ɓauna da barewa da sauran namun daji masu tuƙa. Ra'ayin da masana suka fi rinjaya a kansa shi ne bairos ɗin ya daɗe yana yawo tsakanin waɗannan dabbobi ba tare da ya yi musu wata illa da ido zai gani ba.

A cikin 1789 aka kawo raguna 2 da tumaki mata 4 na irin da ake kira Merino zuwa yankin Kef, a ƙarshen kudancin Afirka. Asalinsu daga Sifen suke. Sarkin Sifen ne ya yi kyautarsu ga gidan sarautar Holan, da yanayin Holan bai karɓe su ba sai aka aika da su wurin Kanar Robert Gordon, kwamandan sojojin Kef. Merino tunkiya ce mai ulu mai laushi wanda masaƙun Turai ke saye da daraja, saboda haka zuwa tsakiyar ƙarni na 19 ulu ya zama babban abin da Kef ke fitarwa zuwa ƙetare, garkunan Merino suka bazu cikin ƙasa.

Tare da bazuwarsu aka fara kuka da wata cuta. Tunkiya takan yi zazzaɓi har zafin jikinta ya kai digiri 41 ko 42, leɓunanta da fuskarta da kunnuwanta su kumbura, cikin bakinta ya yi gyambo, majina ta bushe a hancinta. Saman kofatonta yakan yi ja, ta kasa tsayuwa, wani lokaci ma ta riƙa kiwo a durƙushe. A kaɗan daga cikinsu harshe yakan kumbura ya yi shuɗi, domin bairos ɗin yana lalata ƙananan hanyoyin jini ne. Waɗanda ke mutuwa sukan kai 2 zuwa 30 cikin 100 na waɗanda suka kamu, a garke marar sabo kuwa har 70. Wadda ta rayu takan rame, ulunta ya riƙa tsinkewa a daidai inda ya tsiro lokacin zazzaɓin, watau mai ita ya yi hasarar shekara guda ke nan.

Manoman Kef sun lura da abubuwa da yawa tun kafin likitoci su zo. Sun ga cutar tana zuwa ne a ƙarshen lokacin zafi bayan an yi ruwa sosai, ta fi tsanani a kwari da fadama, ta kuma ɗauke da zarar sanyi ya fara daskarar da raɓa. Wanda ya hau da garkensa tudu, ko ya rufe shi a ɗaki da dare, yakan tsira. Duncan Hutcheon, likitan dabbobi na gwamnatin Kef, ya ambaci cutar a rahotonsa na 1881, a 1902 kuma ya ba ta suna mai kamanta ta da zazzaɓin cizon sauro, don ya yi zargin wani ƙwaro ne ke yaɗa ta. A 1905 wani likitan, James Spreull, ya buga cikakken bayanin alamominta, ya kuma ba da shawara a riƙe sunan da manoma ke kiranta da shi a harshen Afirkans, watau bloutong, ma'ana shuɗin harshe. Sunan ya zauna har yau, ko da yake yawancin tumakin da suka kamu harshensu ba ya yin shuɗi.

Theiler da Magadansa

Arnold Theiler mutumin Suwizalan ne, an haife shi a 1867. Ya zo Afirka ta Kudu a 1891, bai daɗe da zuwa ba injin yanka ciyawa ya guntule masa hannun hagu, amma wannan bai hana shi zama babban likitan dabbobi na ƙasar ba. A 1906 ya tace jinin tunkiya marar lafiya da wani mataci mai ƙananan ƙofofi waɗanda bakteriya ba ta iya ratsawa, ya ɗura abin da ya tsiyayo a jikin lafiyayyar tunkiya, ita ma ta kamu. Da haka aka tabbata abin da ke kawo cutar bairos ne, shekara 8 kacal bayan da aka fara gano bairos na farko mai kama dabbobi, watau na ciwon baki da kofato, a Jamus cikin 1898.

Theiler bai ga bairos ɗin da idonsa ba, babu kuwa wanda zai gan shi sai bayan shekaru masu yawa, amma ya yi masa rigakafi. Ya riƙa ɗibar jini daga wannan tunkiya yana sa wa waccan, bi da bi, ya sami wanda ke kawo ɗan zazzaɓi kawai. An yi kusan shekara 40 ana amfani da wannan allura, an raba fiye da miliyan 50. A 1908 aka buɗe cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Onderstepoort kusa da Pretoria, Theiler ne shugabanta na farko, a can ne kuma aka yi mafi yawan aikin da ya biyo baya.

A zamanin nan an ɗauka cutar ta tumaki ce kaɗai. A 1933 sai aka ga shanu a Afirka ta Kudu da gyambon baki har aka yi zaton ciwon baki da kofato ne, da Bekker da De Kock da Quinlan suka bincika suka tarar shuɗin harshe ne, suka buga sakamakon a 1934.

An kuma daɗe ana zargin sauro. A 1944 René du Toit ya bayyana cewa mai laifin wani ɗan mitsitsin ƙuda ne mai shan jini, na dangin da masana ke kira Culicoides, wanda za a kira shi ƙudan fadama a nan. Du Toit ya kama su da tarkon fitila, ya sa suka ciji tunkiya marar lafiya, bayan kwana 10 suka ciji lafiyayya, ta kamu. Tsawon wannan ƙuda milimita 1 zuwa 3 ne, yana iya ratsa gidan sauro mai manyan idanu. Macen ce kaɗai ke shan jini, tana fita ne daga faɗuwar rana zuwa asuba, tana kuma yin ƙwai a ƙasa mai laima da ta gauraya da taki. Ashe duk abin da manoma suka lura da shi game da fadama da dare da sanyi, halin wannan ƙuda suke karantawa.

Abu na uku shi ne zaton da aka yi cewa bairos ɗin iri ɗaya ne. Manoma sun sha kawo ƙara cewa sun yi wa garke allurar Theiler amma ya kamu. A 1948 W. O. Neitz ya nuna dalili: tunkiyar da ta warke daga wani iri ta tsira daga shi har abada, amma wani irin dabam yana iya kwantar da ita. P. G. Howell ya rarrabe iri 12 a 1960, ya kai su 16 a 1970, daga bisani adadin ya kai 24, kowane da lambarsa. Aka gane allurar Theiler iri na 4 ce kaɗai ta ƙunsa. Da yake tun 1940 an koyi renon bairos ɗin a cikin ƙwan kaza mai ɗan tsako, sai aka sami hanyar raunana iri-iri da yawa a haɗa su. Allurar da Onderstepoort ta ƙare a kanta ta ƙunshi iri 15 a kwalabe 3, ana yin su da ratar mako uku-uku.

Cutar ta Ƙetare Afirka

Har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu ana lissafa shuɗin harshe cikin cututtukan Afirka. A 1943 sai ta ɓarke a tsibirin Kubrus da ke gabashin Bahar Rum, ta yi ɓarna ƙwarai, ba a jima ba kuma aka gan ta a Falasɗinu da Turkiyya. A 1948 makiyayan jihar Teksas ta Amurka suka fara kuka da wani ciwo da suka kira gyambon baki. Da ya bayyana a Kalifoniya a 1952 aka ware bairos ɗin, aka tabbata shuɗin harshe ne. A nan ne kuma aka koyi wani darasi mai ɗaci: tumaki masu ciki da aka yi wa allurar raunanan bairos suka haifi 'ya'ya masu lalatacciyar ƙwaƙwalwa, abin da aka ba da rahotonsa a 1955. Tun daga nan aka hana yi wa mai ƙaramin ciki irin wannan allura.

Abin da ya fi girgiza duniya shi ne annobar Fotugal da Sifen, wadda ta fara a 1956 ta kai har 1960, ta kashe tumaki kimanin 179,000. Bairos ɗin ya isa ƙasar da Merino suka fito ke nan, shekara 167 bayan tafiyarsu Kef. Saboda wannan annoba aka sa cutar cikin jerin mafiya haɗari na Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya da ke Faris, ƙasashe suka tsaurara dokokin shigo da dabbobi. Indiya ta ba da rahotonta a 1964.

A lokacin an zaci cutar fantsama take yi daga Afirka. Labarin Ostireliya ne ya gyara wannan fahimta. A 1975 aka ware wani bairos daga jikin ƙudajen fadama da aka kama a arewacin ƙasar, a 1977 aka tabbata na shuɗin harshe ne, iri na 20. Nan da nan abokan ciniki suka dakatar da sayen dabbobin Ostireliya, alhali ba a ga garken tumaki ko ɗaya da ya kwanta ba. Bairos ɗin yana arewa ne tare da shanu da ƙudan da ke ɗauke da shi, tumaki kuwa suna can kudu inda ƙudan ba ya kaiwa. Binciken da ya biyo baya ya nuna bairos ɗin ya daɗe da zama a yawancin ƙasashe masu zafi, kowane yanki da nasa irin da nasa ƙuda. Masana suka ja iyaka, suka ce mazauninsa daga digiri 40 arewa da tsakiyar duniya ne zuwa digiri 35 kudu.

Sifar Bairos da Kundin Gadonsa

Fiye da shekara 60 ana yaƙi da abin da ba a san cikinsa ba. A 1969 Daniel Verwoerd na Onderstepoort ya tace bairos ɗin tsantsa, ya gano cewa kundin gadonsa, watau rubutun umarnin da yake bi ya haifi irinsa, da sinadarin RNA aka yi shi, mai igiya biyu a murɗe. Wannan abin mamaki ne, domin kundin gadon mutum da dabba da tsiro DNA ne, RNA da ke jikinsu kuwa mai igiya ɗaya ce. A 1970 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa kundin a rarrabe yake gida 10, a 1972 kuma suka nuna furotin iri 7 ne suka gina jikin bairos ɗin. A 1971 waɗansu masana uku a Amurka, Borden da Shope da Murphy, suka raɗa wa danginsa suna Orbivirus, daga kalmar Latin mai nufin zobe, saboda 'yan zobban da ake gani a jikinsa ta madubin lantarki. Bairos mai kawo annobar dawakin Afirka ɗan wannan dangi ne, shi ma ƙudan fadama ke yaɗa shi.

Fāɗin bairos ɗin kimanin nanomita 86 ne, watau da za a jera su a layi sai an sami fiye da 11,000 kafin su cika milimita guda. Ba shi da lulluɓin kitse irin na bairos ɗin mura. Dunƙulalle ne mai fuska 20 da ƙololuwa 12, yana sanye da riga uku, wata bisa wata, duka na furotin. Masana sun ba furotin ɗin lamba daga VP1 zuwa VP7. Rigar waje ta ƙunshi VP2 guda 180 da VP5 guda 360. VP2 ne ke manne wa ƙwayar jikin dabba, VP5 kuwa shi ke huda hanya a shiga. Da yake VP2 ne garkuwar jiki ke fara gani, shi ne ya fi sauye-sauye, shi ne kuma ke raba wannan iri da wancan. Amsar tambayar da Neitz ya tayar a 1948 ke nan. Riga ta tsakiya VP7 ce guda 780, ita ce mai zobban nan. Ba ta bambanta sosai tsakanin iri da iri, shi ya sa da ita ake awon jini in ana son a san ko dabba ta taɓa gamuwa da kowane irin shuɗin harshe. Riga ta ciki VP3 ce guda 120, a cikinta kundin yake tare da ma'aikata uku: VP1 mai kwafe rubutu, VP4 mai sa wa kwafin hula don ƙwayar jiki ta karɓe shi kamar nata, da VP6 mai taimakon warware igiya da shirya kundin.

Dabarar wannan gini ita ce ɓoyo. Jikin dabba yana ɗaukar RNA mai igiya biyu a matsayin alamar maƙiyi, da ya gan ta sai ya tayar da garkuwa. Saboda haka idan bairos ya shiga ƙwayar jiki, rigar waje kaɗai yake tuɓewa. Kundin ba ya fita fili. Ana kwafe shi a can ciki, ana turo kwafin waje ta ƙofofin da ke kan ƙololuwa 12. A 1998 wata ƙungiyar masana ta Jami'ar Oksfod ƙarƙashin David Stuart, tare da masanan Pirbright, suka fitar da taswirar waɗannan riguna biyu na ciki dalla-dalla, wadda a lokacin ita ce mafi girma da aka taɓa warwarewa ta hanyar hasken eksire.

Kundin kansa ƙarami ne. Polly Roy da abokan aikinta suka gama karanta shi a 1989: tagwayen haruffa kimanin 19,200 ne, gida mafi tsawo yana da kusan 4,000, mafi gajarta 822. Na ɗan Adam kuwa ya kai miliyan 3,000. Ban da furotin 7 na jiki, kundin yana ba da umarnin waɗansu da ake yi a cikin ƙwayar da aka kama kawai, masu aikin haɗa sababbin bairos da fitar da su waje. An daɗe da sanin 3, sai a 2011 aka gano na 4 a ɓoye cikin gida na 9.

Rarrabuwar kundin gida 10 ita ce babbar magana. Ya yi kama da littafi marar ɗinki mai babi goma. Idan iri biyu suka shiga ƙwayar jiki ɗaya, babobinsu sukan cakuɗe, ɗan da za a haifa ya ɗauki waɗansu daga nan waɗansu daga can, a lissafi kuwa haɗin zai iya fita ta hanya 1,024. An sami shaidar haka a fili a Italiya, inda wani bairos da aka ware a 2002 ya kasance ɗa ne ga iri biyu na allurar rigakafi.

Masu Masauki

Bairos ɗin yana bukatar gida biyu: jikin ƙuda da jikin dabba mai tuƙa. Dangin ƙudan fadama sun haura iri 1,300, amma kimanin 30 ne ake dangantawa da yaɗa cutar. A Afirka da Gabas ta Tsakiya babbansu shi ne imicola, a Amurka ta Arewa sonorensis, a Ostireliya brevitarsis. Bairos ɗin yakan hayayyafa a cikin ƙudan har ya kai ga miyansa, daga nan ƙudan ya riƙa yaɗa shi muddin ransa. Zafi na gaggauta wannan aiki, idan kuwa sanyi ya yi ƙasa da kimanin digiri 12 sai ya tsaya. Iska tana iya kwasar ƙudajen ta ƙetare teku da su ɗaruruwan kilomita.

A cikin dabbobi, tunkiya ce ke shan wuya, amma saniya ce rumbun cutar. Yawanci ba ta nuna alama, alhali bairos yana maƙale a jikin jajayen ƙwayoyin jininta har wajen kwana 60, ƙuda kuma ya fi son jininta. Awaki da raƙuma da namun dajin Afirka su ma sukan ɗauka shiru. Barewar Amurka mai farar wutsiya kuwa takan mutu kamar Merino. Har masu cin nama ba su kuɓuta ba: an sami alamar kamuwa a jinin zakuna da kuraye a Afirka, a farkon shekarun 1990 kuma waɗansu karnuka masu ciki suka mutu a Amurka bayan an yi musu wata allura da bairos ɗin ya gurɓata.

Nijeriya tana tsakiyar mazaunin wannan bairos. Tsakanin 1967 da 1970 ɗakin binciken bairos na Jami'ar Ibadan ya ware shi daga ƙudajen fadama da jinin dabbobi. Awon jini da aka sha yi tun daga lokacin ya nuna shanu da tumaki da awaki masu yawa sun taɓa gamuwa da shi, amma ba kasafai ake jin garken 'Yanƙasa ko Uda ko Balami ya kwanta da shi ba. Dalili shi ne sabo na kaka da kakanni, da garkuwar da ɗa ke sha a nonon farko, da kuma cizon da yake samu tun yana ƙarami.

Baƙon Bairos a Turai

A watan Oktoba na 1998 iri na 9 ya bayyana a tsibiran Girka. Daga nan zuwa 2005 iri 5 suka shiga kudancin Turai, waɗansu ta Turkiyya waɗansu ta arewacin Afirka, suka kashe fiye da tumaki miliyan ɗaya. Tsibirin Sardiniya na Italiya ne ya fi ɗanɗana kuɗarsa. Duk da haka mutanen arewacin Turai sun kwantar da hankali, tun da imicola ba ya rayuwa a ƙasarsu.

Sa'an nan abin da aka buɗe wannan lacca da shi ya auku. A Agustan 2006, bayan wani zafi da aka daɗe ba a ga irinsa ba, iri na 8 ya ɓulla kusa da Maastricht, wajen digiri 51 arewa, a mahaɗar Holan da Beljiyam da Jamus. Ba a taɓa ganin wannan iri a Turai ba. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari: ƙudajen fadama na ƙasar, irin su obsoletus, waɗanda aka raina, su suka karɓi baƙon suka yaɗa shi. A shekarar farko ya shafi gonaki kimanin 2,000. An sa rai hunturu zai kashe shi, sai ya dawo a 2007 ya shafi dubun-dubatar gonaki, ya ƙetara Ingila a watan Satumba, ya kai har Sweden da Norway daga baya. Ya kwantar da shanu su ma, ya kuma riƙa ratsa mahaifa ya kama ɗan tayi. Sai da aka yi wa miliyoyin dabbobi allurar mataccen bairos daga 2008 sa'an nan aka shawo kansa.

Masanan Pirbright suka karanta kundinsa, suka ga gida na 2, mai umarnin VP2, ya yi daidai da na Nijeriya na 1982 da kashi 97 cikin 100. Wannan ya nuna asalinsa daga Afirka kudu da Sahara ne, amma bai nuna daga Nijeriya ya taso ba, har yau kuma ba a tabbatar da hanyar da ya bi ba. A 2015 ya sake bayyana a tsakiyar Faransa, kundinsa kusan bai sauya ba daga na shekarun baya, abin da ba zai yiwu ba da a ce yawo yake yi a ɓoye. Wani bincike na 2020 ya yi zargin an adana shi ne ba da sani ba, mai yiwuwa a cikin maniyyin bijimi da aka daskarar don barbara. A Satumban 2023 kuma iri na 3 ya ɓarke a Holan, ya kashe dubun-dubatar tumaki, ya bazu cikin ƙasashe maƙwabta a 2024. A tsakanin nan an gano sababbin iri a awakin Suwizalan a 2008 da tumakin Kuwait a 2010, na Kuwait ɗin ma an nuna yana iya wucewa daga akuya zuwa akuya ba tare da ƙuda ba.

Kammalawa

Sau huɗu masana suka ja wa wannan bairos iyaka, sau huɗu ya ƙetare: an ce na tumaki ne kaɗai, an ce iri ɗaya ne, an ce na Afirka ne, an ce ba ya wuce digiri 40. Sifarsa ta bayyana dalili. Rigar waje mai sauyawa, da kundi mai gida 10 da ke cakuɗuwa, da saniyar da ke ɗauke da shi shiru, da ƙudan da iska ke kwasa, su ne suka sa ba a iya killace shi.

Akwai darasi a nan ga ɗalibi da ma'aikacin gwamnati. Na farko, shirun garke ba shaida ba ne cewa babu cuta a ƙasa. Duk wanda zai sa hannu a takardar shigo da tumaki daga ƙasashen sanyi don kyautata iri, ya tuna da Merino a Kef. Na biyu, allurar wannan iri ba ta tsare dabba daga wancan, don haka sanin irin da ke yawo a yanki ya riga sayen allura, allurar raunanan bairos kuma tana da nata haɗari. Na uku, aikin awo da ajiya yana da daraja ko da babu annoba. Wanda ya ware bairos ɗin nan a Nijeriya cikin 1982, aka sa masa lamba aka adana, bai san cewa bayan shekara 24 da shi za a gane asalin annobar da ta girgiza makiyayan Turai ba.